Muhammadu Rumfa: Daga Gidan Makama zuwa gadon sarautar Kano

A daura da fadar Sarkin Kano, tsallaken titi kaɗan daga Ƙofar Kudu, akwai wani tsohon gini na ƙasa mai zankwaye da kaurin bango, wanda a yau 'yan makaranta da baƙi ke shiga domin kallon kayan tarihi. Wannan shi ne Gidan Makama. Tun kafin ya zama gidan adana kayan tarihi, bisa ga abin da Kanawa suka gada daga bakin iyaye da kakanni, gida ne na wani ɗan sarki da aka naɗa Makama yana da ƙuruciya, wanda daga bisani ya hau gadon sarauta a shekarar 1463, ya kuma bar birnin da wata siffa da har yanzu ba ta gushe ba. Sunansa Muhammadu ɗan Yakubu, amma duniya ta fi saninsa da Rumfa.

Fadar da sarakunan Kano ke zaune a cikinta shi ya gina ta, kuma sunansa take amsawa. Kasuwar Kurmi shi ya kafa ta. Kakakin da ake busa wa sarki, da figinin da ake yi masa fifita da shi, da fitar jama'a filin Idi ranar Sallah, duk ana danganta farkonsu da zamaninsa. Sai dai kuma a hannun wannan sarki ne aka fara kulle da kame, aka kuma damƙa wa babanni manyan muƙaman ƙasa. Saboda haka tarihinsa ba na yabo ba ne zalla.

Inda labarin ya samo asali

Mafi yawan abin da aka sani game da Rumfa ya fito ne daga kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, a zamanin Sarki Muhammadu Bello, wato kimanin shekaru 400 bayan rasuwar Rumfa. Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, daga baya kuma aka mayar da shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Kundin bai ba da shekarun hawa da sauka ba, tsawon mulkin kowane sarki kawai ya ambata. Ta hanyar lissafi da baya-baya, daga shekarar da Fulani suka karɓi mulki, aka fitar da 1463 zuwa 1499 a matsayin zamanin Rumfa. Shekaru 37 da kundin ya ba shi na Hijira ne, waɗanda suka yi daidai da kusan 36 na Miladiyya.

Mai karatu na iya shakkar lissafi irin wannan, kuma da gaskiyarsa. To amma an yi dace da wata shaida daga waje: wasiƙar da Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano na ɗauke da shekarar 897 ta Hijira, wadda ta zo daidai da 1491 zuwa 1492, kuma ta faɗo cikin shekarun da lissafin ya nuna. Wannan ya sa Rumfa ya zama ɗaya daga cikin sarakunan Hausa na farko da za a iya tsayar da zamaninsu da hujja rubutacciya.

Kanon da ya buɗe ido a cikinta

Rumfa shi ne sarki na 20 a jerin da ya faro daga Bagauda. Mahaifinsa Sarki Yakubu, mahaifiyarsa kuwa Fasima Barana, mutumiyar Rano. Kakansa Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, shi ne ya buɗe hanyoyin fatauci daga Borno zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke arewacin Ghana ta yau, kuma a zamaninsa ne raƙuma suka fara yawaita a ƙasar Hausa. Galadimansa ya yi ta kai hare-hare kudu yana aiko da bayi, har aka kafa garuruwa 21 da su. Arzikin da jikan zai yi gine-gine da shi daga nan ya fara taruwa, kuma bai kamata a manta da wuyan waɗanda ya hau ba.

Shekaru 11 na mulkin Yakubu sun wuce ba tare da yaƙi ba. A cikinsu ne Fulani suka iso daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, ƙari a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da malaman Kano suke da su tun zuwan Wangarawa. Azbinawa suka sauko Gobir, gishiri ya wadata. Barebari suka yi ta kwararowa, wata jama'a ta Larabawa kuma ta rabu biyu, wasu suka zauna Kano, wasu Katsina. Yakubu da kansa ya aika wa Sarkin Nupe dawaki goma, aka aiko masa da babanni goma sha biyu.

Akwai kuma wata ƙaya da gidan sarautar ke fama da ita. Tun zamanin Sarki Dauda wani ɗan sarki daga Borno, mai suna Dagaci, ya zo ya zauna a Kano da jama'arsa. Ya tara dukiya, ya gina gidaje masu yawa, ya kafa kasuwarsa ta Karabka. A taƙaice dai, a cikin birni guda akwai wani mai ƙarfi da ke da ƙasar Borno a bayansa, a daidai lokacin da Kano ke aika wa Borno gaisuwa. Yawancin matakan da Rumfa ya ɗauka sun fi fitowa fili idan aka dube su da wannan a zuci.

Daga Gidan Makama zuwa sabuwar fada

Ruwayar da ta fi yaɗuwa ita ce, an gina wa Rumfa Gidan Makama ne tun a zamanin kakansa Burja, kuma a cikinsa ya ci gaba da zama bayan ya hau sarauta, yana jiran a kammala masa sabuwar fada. Gidan na kudu da tsohuwar cibiyar gari, wadda ke kewayen Dutsen Dala, inda sarakunan farko da masu tsafi suka zauna kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru. A wannan ɓangare na kudu, a fili mai faɗi da ba ya cikin tsohuwar ganuwa, ya zaɓi ya kafa gidansa.

Kundin tarihin ya jera aikin daki-daki: shekara guda ya gina gidan, shekara ta biyu ya faɗaɗa ganuwa, daga Ƙofar Dagaci zuwa Ƙofar Mata, ya kewayo ta kudu har Ƙofar Na'isa, daga nan zuwa Kansakali, a shekara ta gaba kuma ya tare. Ganuwar Kano ba shi ya fara ta ba, Sarki Gijimasu ne ya sa harsashinta tun farkon ƙarni na 12. Abin da Rumfa ya yi shi ne ya ja ta ta rungumi sabuwar fadar, ta yadda tsakiyar birnin ta tashi daga gindin Dala ta koma ƙofar gidansa. Gidan Rumfa a yau ya kai kimanin eka 33, gari ne a cikin gari. An yi ta rushe sassansa ana sāke ginawa, ita kanta Ƙofar Kudu da aka fi sani aikin ƙarni na 19 ce, amma filin da katangar ta kewaye bai tashi daga inda ya shata shi ba.

Tsakanin tsohon gari da sabuwar fada akwai kurmin Jakara, wuri mai duhuwa da ruwa da mutanen da ke tsoro, suna kuma girmamawa. A nan ya kafa kasuwa, shi ya sa ake ce mata Kurmi. Masana tarihi da dama na ganin manufa biyu a wannan mataki: a sare kurmin da ke da alaƙa da tsohon addini, a kuma janye fatake daga kasuwar Dagaci zuwa kasuwar da ke ƙarƙashin idon sarki. Ko ma mene ne nufinsa, kasuwar ta zauna da gindinta. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da ita cike da tufafin saƙi da rini na Kano da ake ɗauka har Timbuktu da Tarabulus, tare da goro da gishiri da kanwa da kayan Turai, da kuma bayi.

Zuwan al-Maghili

Babban abin da ya ɗaga sunan Rumfa a wajen ƙasar Hausa shi ne baƙon da ya sauka a gare shi a cikin shekarun ƙarshe na mulkinsa. Kundin Tarihin Kano ya ba da labarin cikin sigar karama. Ya ce wani Sharifi ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a mafarki, aka umarce shi da ya nufi yamma ya tsayar da addini. Ya ƙulle ƙasar Madina a ƙyalle, duk garin da ya sauka sai ya gwada ta da ƙasar wurin, bai sami wadda ta dace ba sai a Kano. Ya yada zango a Fanisau, ya aika wa sarki, Rumfa ya fita da jama'arsa ya tarye shi ya shigo da shi birni. Kundin ya kira baƙon da Abdurrahman a farkon labarin, da Abdulkarim a ƙarshensa, abin da ya sa masana ke ganin an gwama labarin mutum biyu ne: al-Maghili, da kuma Abdurrahman jagoran malaman Wangarawa.

Shi al-Maghili na tarihi mutumin Tilimsan ne, a ƙasar Aljeriya ta yau, masanin fiƙihun Malikiyya, mai kaifin alƙalami da zafin ra'ayi. Kafin ya tsallako Sahara ya zauna a Tuwat, inda ya yi fatawar cewa Yahudawan yankin sun warware alkawarin zimma, ya jagoranci rushe wurin ibadarsu a Tamantit, aka kuma kashe da dama daga cikinsu. Malaman Magrib sun rabu biyu a kan lamarin, wasu suka goyi bayansa, alƙalin Tuwat da wasu suka saɓa masa. Daga nan ya biyo ta Azbin da Takedda ya iso Kano da Katsina, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya ƙwace mulkin Songhai a 1493. Ba baƙon da za a saukar a manta da shi ba ne, kuma sarkin da ya nemi shawararsa ya san irin amsar da zai samu.

Abubuwa biyu ya rubuta wa Rumfa. Na farko littafi ne ƙarami mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda aka sani da Tajud-Dini, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a 1932. Ya faro da kyakkyawar niyya, ya tunatar da sarki cewa mulki amana ce ba mallaka ba. Ya yi magana a kan shigar sarki da zamansa da kame bakinsa a gaban jama'a. Ya lissafa ma'aikatan da ƙasa ke bukata, daga wazirai da alƙalai da magatakarda da ma'aji, zuwa masu kula da kasuwa da likitoci da 'yan leƙen asiri. Ya gargaɗe shi da ya yi hattara a gida da kuma a tafiya, ya riƙa binciken hakimansa da dukiyar da suka tara bayan naɗi, ya daidaita masu ƙara a gaban shari'a, ya karɓi dukiya ta hanyar halal kaɗai, ya kuma kashe ta inda ya dace. Babi bayan babi, littafin na komawa kan gargaɗi guda, wato haɗarin da ke cikin sarki ya yi nesa da talakawansa har su kāsa kai masa kuka. Ya so sarki ya riƙa zama kullum a inda mace da yaro da mai rauni za su iya isa gare shi.

Na biyu ita ce wasiƙar shekarar 897, amsa ga tambayar da Rumfa ya yi game da iyakar ikon mai mulki wajen hana mutane aikata haram. Tambayar kanta na nuna halin da yake ciki. Yana mulkin ƙasar da fada da fatake da malamai Musulmi ne, amma ɗimbin mutanen karkara, har da wasu na cikin birni, na kan al'adun kakanninsu. Al-Maghili ya ba shi damar yin amfani da horo gwargwadon laifi, ya umarce shi da ya hana bayyanar da ayyukan shirka da tsiraici da shan giya a bainar jama'a, ya gyara mudu da sikeli, kuma kada hukunci ya bambanta tsakanin malami da basarake da talaka.

Bisa umarnin baƙon, in ji kundin, Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya sare bishiyar da ake tsafi a gindinta, ya tayar da hasumiya a gurbinta. A zamaninsa ne kuma aka fara sallar Idi a Kano, a Shadakoko. Da malamin zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, kuma zuriyar da ke danganta kanta da shi na nan a unguwar Sharifai, da sarautarsu ta Sarkin Sharifai. Al-Maghili ya koma Tuwat bayan ya sami labarin kisan ɗansa a can, ya rasu wajen 1504. Shekaru 300 bayan haka, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi suka riƙa ciro dogayen sassa daga rubuce-rubucensa suna kafa hujja da su a kan sarakunan Hausa na zamaninsu. Nasihar da aka rubuta wa Rumfa domin ƙarfafa gadonsa, ita ce ta zama ɗaya daga cikin makaman da aka tumɓuke magadansa da su.

Ba za a ce sare bishiya ya kawo ƙarshen tsohon addini ba. Ƙarni guda bayan Rumfa, fadar Kano ta ƙirƙiri Dirki, Alƙur'ani da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, kuma al'adar ta ɗore har zamanin Alwali, sarki na ƙarshe kafin jihadi. Abin da ya tabbata shi ne, daga Rumfa sarautar Kano ta ɗauki Musulunci a matsayin tufafinta na hukuma, ba ta kuma sāke tuɓe shi ba. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya lura cewa irin wannan sauyi ya faru kusan lokaci guda a Katsina ƙarƙashin Muhammadu Korau, da Zazzau ƙarƙashin Muhammadu Rabo.

Bayan katangar fada

Kundin ya ce abubuwa goma sha biyu Rumfa ya ƙago a Kano. Waɗanda suka shafi ado su ne aka fi tunawa: kakaki, figini, takalman gashin jimina, da dawakin zage, wato dawakan da ake ja a gaban sarki da sirdi ba mahayi. Ba ƙawa ce kawai ba. Sarkin da ake busa wa dogon ƙaho na ƙarfe da ba a busa wa kowa sai shi, ya daina zama babba a cikin tsararraki, ya zama wani abu dabam. Maroƙa suka yi masa laƙabi da Balaraben Sarki, saboda yadda fadarsa ta ɗauki kamannin fadojin Magrib da Borno.

A fannin mulki ya kafa Tara ta Kano, majalisar manyan masu sarauta tara irin su Galadima da Madaki. Ya ba su matsayi, amma a lokaci guda ya tayar musu da kishiya. Ya ɗauki babanni, mutanen da ba su da dangi a gari, ba su kuma da 'ya'yan da za su gāje su, ya naɗa su sarautu kamar Ɗan Kusuba da Ɗan Jigawa da Sarkin Gabas da Sarkin Tudu da Sarkin Ruwa da Ma'aji da Sarkin Bai. Huɗu da suka rage ba sarauta, ciki har da Turaki, ya ɗora su a kan taska. Ma'ana, kuɗin ƙasa da ƙofar shiga wurin sarki sun koma hannun waɗanda rayuwarsu dungum ta rataya a kansa. Dabarar ta yi aiki ga sarki mai ƙarfi. A hannun raunanan sarakuna na baya kuwa, bayin fada da babanni sun sha zama masu naɗawa da tuɓewa. Wani abin lura shi ne, sarautar Sarkin Bai da aka ƙirƙira domin baba, bayan jihadi ta koma gidan Dambazawa, kuma mai riƙe da ita na cikin masu zaɓen sarki huɗu, tare da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta.

Sai kuma batun mata, wanda masu yabon Rumfa kan yi saurin tsallakewa. Kundin ya ce shi ne sarki na farko da ya tara mata dubu. Tun da shari'a ta tsayar da aure a kan huɗu, ƙwaraƙwarai ake nufi, kuma an faɗi hanyar da aka bi aka same su: ya naɗa wani mai suna Durman ya riƙa zagaya gidajen Indabawa, waɗanda masana ke ɗauka zuriyar bayin nan ne na zamanin kakansa, yana ɗauke duk budurwa 'yar fari ya kai fada. Wannan shi ne kame. Ya kuma fara kulle. Mai bincike Heidi Nast, wadda ta yi nazarin fadar ta kuma wallafa littafi a kai a 2005, ta nuna cewa waɗannan mata ba zaman kashe wando suka yi ba. Suna da muƙamai da shugabanni a tsakaninsu, hatsin da ake karɓa a matsayin haraji ta hannunsu yake bi, kuma kowace daga cikinsu ido ce ga fada a kan yankin da ta fito. Wannan bayani na nuna amfanin tsarin ga sarauta. Bai rage komai ba daga abin da uwar da aka ɗauke wa 'yarta ta fari ta gani.

A nan ne tarihin Rumfa ya fi wuyar warwarewa. Sarkin da ya nemi malami ya faɗa masa abin da Allah ya wajabta a kansa, shi ne kuma ya kewaye kansa da doguwar katanga da zauruka da babanni. Ana iya cewa yawan nanata gargaɗin nan game da nisantar talakawa ba a banza al-Maghili ya yi shi ba, domin ya shiga fadar ya ga yawan ƙofofin da mai kuka zai wuce kafin ya kai ga sarki.

Yaƙi da rasuwa

A fagen fama Rumfa bai yi suna ba. A zamaninsa ne aka yi yaƙi na farko tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya yi rinjaye. Biranen biyu na takarar hanyoyin fatauci na arewa ne, kuma gabar da ta faro a lokacin ta ɗauki kusan ƙarni biyu tana tashi tana kwanciya.

Ya rasu a 1499. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi, kuma a nan ne ƙarfin wata mace daga cikin gidan ya bayyana. Auwa, matar Rumfa kuma mahaifiyar sabon sarki, wadda ake kira Madaki Auwa, ita ce ta daƙile tawayen da Dagaci ya shirya lokacin da Abdullahi ke can yana yaƙi da Katsina da Zazzau. Sarkin Borno ya taso da runduna a kan lamarin, Abdullahi ya fita da malamansa ya ƙasƙantar da kai har aka janye, sannan ya juyo ya tuɓe Dagaci ya bai wa bawansa sarautar. Auwa ta rayu har ta ga jikanta Muhammadu Kisoki a kan gado, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, bayansa kuma wani ɗan nata, Abubakar Kado, ya yi sarauta. Masana kan kira wannan zuriya Rumfawa, har zuwa hawan Kutumbi a 1623.

Gidajen biyu bayan mai su

Da jama'ar Shehu suka ci Kano a 1807, an yi muhawara a kan abin da za a yi da Gidan Rumfa. Manyan Fulani sun hana Sarki Sulaimanu shiga, suna tsoron kada 'ya'yan da za a haifa a ciki su ɗauki halin waɗanda aka kora. Wani daga cikin Kanawan da suka rage ya nuna masa cewa muddin bai shiga gidan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi sarki na haƙiƙa ba. Sulaimanu ya tafi wurin Shehu ya nemi izini, aka ba shi. Magajinsa Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya dawo da yawancin tsofaffin sarautu da kayan alfarma. Ko a watan Mayun 2024, da rikicin sarautar Kano ya ɓarke, abin da jama'a suka fara dubawa shi ne wanda ke cikin gidan: Muhammadu Sanusi na Biyu ya shiga Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero ya sauka a gidan sarki na Nassarawa, maganar kuma ta tafi kotu. A watan Disamba na wannan shekarar ne kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gāda.

Shi kuwa Gidan Makama ya ci gaba da zama mazaunin masu riƙe da sarautar, wadda bayan jihadi ta koma gidan Jobawa. Da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu ba ya gari, Turawa sun yi amfani da gidan na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makaranta, wani ya ci gaba da zama gidan Makama, wani kuma aka keɓe shi ga tarihi. A 1959 aka ayyana shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, kuma hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ce ke tafiyar da shi.

Ginin ƙasa ba ya shekara 500 ba tare da hannu ba. Kowace damina na cin rabonta, kowane rani sai an yi yaɓe, saboda haka sorayen da ke tsaye yanzu an sha sabunta su bayan zamanin Rumfa. Amma fasahar ita ce dai ta magina na da: tubali da makuba, rufin azara da aka jera a gicciye, da bakan gizo da ke ɗauke da nauyin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Mai ziyara kan bi ɗaki bayan ɗaki, ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da taswirar ganuwa, ya bi labarin Kano tun daga maƙeran Dala, ya ratsa ta jihadi da Yaƙin Basasa na 1893 da zuwan Turawa. Akwai sulke da lifidi da kwalkwali, akwai kayan saƙa da rini da dukanci irin waɗanda suka yi wa Kurmi suna, da alluna da littattafan hannu, da ɗakin amarya na gargajiya da jerensa. A ɗakin kayan kiɗan fada kuma akwai tambari da algaita da kakaki.